Ka sayi RAM 3200, kwamfuta ta nuna 1600: tarihin lambobin da ke haɗa mutane faɗa

Jama'a, duk wanda ya taka kasuwar kwamfuta daga ƙarshen 2025 zuwa yanzu ya san RAM ya zama gwal. Kuɗin da a da zai sayo maka biyu, yau da ƙyar ya ɗauko ɗaya. Kuma abu in ya yi tsada, zargi yakan yi yawa. Tambayoyin da suka fi zuwa mini a 'yan watannin nan biyu ne. Na farko, mutum ya sayi RAM an rubuta 3200 a jikinsa, ya sa a kwamfutarsa ta tebur, ya buɗe manhajar CPU-Z, sai ya ga 1600 MHz, ko 1596 da 'yan ɗigo. Nan take sai ya ce mai shago ya yi masa sakiyar da ba ruwa. Na biyu, wani ya ga tsohuwar kwamfutarsa tana nuna CL 9, sabuwa kuma CL 40, alhali an gaya masa ƙaramar lamba ta fi sauri. Sai ya rasa gane ko gaba ya ci ko baya.

A mafi yawan lokuta ba wanda ya cuci wani. Lambobin nan gado ne. Kowace ɗaya akwai shekarar da ta shigo da dalilin da ya kawo ta, wata ma rikicin kasuwa ne ya haife ta. Wanda ya san tarihinsu ba zai ci mutuncin mai shago a banza ba, kuma ba za a karɓe masa kuɗi a sayar masa da lamba a madadin sauri ba. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, mu bi abin daga tushe.

A 1966 wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, ya ƙirƙiro hanyar ajiye ƙwayar bayani guda, wato bit, da tiransisto ɗaya da kafasito ɗaya. In kafasiton yana riƙe da caji, 1 ke nan. In babu, 0. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1968. Sai dai kafasiton nan kamar tulu ne mai yoyo, cajin yana tsiyayewa, dole a riƙa zagayowa ana sake cika shi sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. Shi ya sa da an ɗauke wuta komai na cikin RAM yake gogewa. Dennard ya rasu a 2024 yana da shekara 91, kuma har gobe RAM ɗin wayarka da na kwamfutarka a kan wannan dabarar tasa yake. Ku riƙe wannan, don shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya: tulun bai canza ba.

A 1970 kamfanin Intel ya fito da 1103, wanda shi ne ya fara karɓuwa sosai a kasuwa. Bit 1024 yake ɗauka, wato harafi 128 kacal. Sai ka tara irinsa sama da miliyan 67 kafin ka samu RAM mai giga 8 da muke rainawa yau.

To daga ina CL ya fito? Daga 1973. A shekarar ne wani kamfani a jihar Texas mai suna Mostek ya fito da MK4096, mai bit 4096, wanda Robert Proebsting ya tsara. Bayanan da ke ciki a jere suke, layi 64, kowane layi da gurbi 64. Matsalar lokacin ita ce yawan ƙafafu: duk sanda aka ƙara girman ma'ajiya sai an ƙara ƙafafun da za a aika adireshi ta cikinsu, kuma ƙafafu kuɗi ne da cin wuri. Sai Mostek ya ce a raba adireshin gida biyu a aika ta ƙafafu iri ɗaya. A fara faɗin layi, sannan a faɗi gurbi. Da haka nasu ya tsaya a ƙafa 16, na abokan hamayya kuwa 22. Kasuwa ta bi Mostek.

Ka ɗauka ka aiki yaro Kantin Kwari. Ba za ka ce masa shago na 12 kawai ba, sai ka fara gaya masa layin da zai shiga, in ya shiga sannan ya nemi shagon. Siginar da ke cewa "ga layi" ita ake kira RAS, wadda ke cewa "ga gurbi" kuma CAS. Harafin C da ke cikin CL, na CAS ɗin nan ne. Wato CL shi ne jiran da ake yi tsakanin faɗin gurbi da fitowar bayanin. Dabarar rage kuɗin ƙafafu ce ta shekara sama da 50 da ta wuce, ga ta nan har yau a allonka.

Har tsakiyar shekarun 1990 ba da MHz ake auna saurin RAM ba, da lokaci ne. Waɗanda suka yi zamanin 486 da Pentium na farko za su tuna ana duba ƙarshen lambar da ke jikin baƙaƙen ƙwayoyin nan, a ga 70 ko 60. Nanosakan ke nan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. A ganina wannan ne ma'auni mafi gaskiya da aka taɓa yi, don kai tsaye yake gaya maka tsawon jiran da za ka yi.

Abin ya canza da zuwan SDRAM, wanda Samsung ya fitar a 1992 ya fara ƙera shi da yawa a 1993. A nan aka ɗaure RAM da agogon kwamfuta. Agogon nan ba na duba lokaci ba ne, bugu ne da ke hawa yana sauka a kai a kai, kamar kiɗan da manoma ke bi a gayya don kowa ya sa fartanya lokaci ɗaya. MHz ɗaya na nufin bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa. Sai aka fara PC66, aka zo PC100 a 1998, sannan PC133. A lokacin lissafi ba ruɗu: bugu ɗaya, aike ɗaya. In an ce 133, agogo 133 ne, aike ma miliyan 133 ne. Amma fa daga nan aka daina ƙirga jira da nanosakan, aka koma ƙirga shi da yawan bugu: CL2, CL3. Ruɗani na biyu da na ambata a sama daga nan ya samo asali.

Ruɗani na farko kuwa yaƙi ne ya kawo shi. A 1996 Intel ya ƙulla yarjejeniya da wani ƙaramin kamfani na California mai suna Rambus, cewa irin RAM ɗinsu, RDRAM, shi ne zai gaji SDRAM. Rambus ba ya ƙera komai, fasahar yake da ita, duk wanda zai ƙera sai ya biya shi lada a kan kowace ƙwaya. Masu ƙera RAM ba su ji daɗin haka ba ko kaɗan. RDRAM ya fito da tsada, ga zafi, ga wahalar ƙerawa. An samu jinkiri a 1999, sannan a watan Mayun 2000 Intel ya janye ɗimbin allunan kwamfuta daga kasuwa saboda matsalar wata ƙwaya da aka sa don a iya amfani da SDRAM a tsarin da aka gina domin Rambus. Duk da haka, da Pentium 4 ya fito a Nuwamban 2000, RDRAM kaɗai yake karɓa.

A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar JEDEC, wadda kamfanoni ke zama a cikinta su amince da ƙa'ida ɗaya, ta fitar da ƙa'idar DDR a watan Yunin 2000, kamfanonin AMD da VIA suka rungume shi. Dabarar DDR mai sauƙin fahimta ce. Ka ɗauki tirelar da ke kai kaya daga Kano zuwa Legas ta dawo fayau ba komai. Sai mai ita ya ce daga yau ta tafi da kaya, ta dawo da kaya. Yawan zuwa da dawowa bai ƙaru ba, amma kayan da aka ɗauka sun ninka. Haka DDR yake: yana aika bayani lokacin da bugun agogo ke hawa, ya sake aikawa lokacin da yake sauka. Agogo 133, aike 266. Agogo 1600, aike 3200.

To ka ga amsar tambaya ta farko. CPU-Z agogon yake nuna maka a wurin da ya rubuta DRAM Frequency. Kwali kuma yawan aike yake nunawa. Ka ninka abin da ka gani sau biyu, in ya ba ka abin da ke jikin kwali, kayanka lafiya lau. 'Yan ɗigon da ke bambanta, irin su 1596 maimakon 1600, ba komai ba ne, agogon allo ne ba ya tsayawa cif. Ainihin kuskuren na masu talla ne da suka shafe shekara 20 suna rubuta 3200 MHz, alhali abin da ya dace shi ne 3200 MT/s, wato aike miliyan 3200 a daƙiƙa. Microsoft da kansa sai a 2024 ya gyara wannan a Task Manager na Windows 11, ya cire MHz ya sa MT/s.

Amma yaƙin bai tsaya a nan ba. Rambus ya sa wa nasa suna PC800, duk da agogonsa 400 ne. Mai saye in ya ga 800 a nan, 266 a can, wanne zai ɗauka? Alhali hanyar RDRAM siririya ce, bit 16 take ɗauka a lokaci guda, ta DDR kuwa bit 64, wato bayit 8. Sai masu DDR suka ce to a ƙirga da yawan kayan da ke wucewa. Suka ninka 266 sau 8, suka kira shi PC2100. DDR-200 ya zama PC1600, DDR-400 ya zama PC3200. Da 2002 ta kama, Intel da kansa ya koma DDR, Rambus kuma ya shiga shari'o'i da manyan masu ƙera RAM waɗanda suka ɗauki sama da shekara 10. RDRAM ya bar kwamfutar tebur, amma lambar da aka ƙirƙira don a kayar da shi ta zauna daram.

Shi ya sa yau RAM guda yake da suna uku. Agogonsa 1600, aikensa 3200, kayan da yake kwasa kuma megabayit 25600 a daƙiƙa, wanda ake rubutawa PC4-25600. Duk abu ɗaya ne. Mu da mafi yawan kayanmu na hannu ne da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, a nan ake zamewa. PC3-12800 shi ne DDR3-1600, ka raba da 8 ka gani. PC3200 kuwa, wanda ba jan layi a tsakani, ba DDR4-3200 ba ne, tsohon DDR-400 ne na zamanin Pentium 4, ba zai ma shiga ramin allonka ba. In ka ga PC3L, wannan L ɗin na nufin mai ƙarancin wuta ne, bolt 1.35 maimakon 1.5. A DDR4 kuma za ka fi ganin irin su PC4-2400T, PC4-2666V ko PC4-3200AA. A nan lambar ta aike ce, harafin ƙarshe kuma CL yake nunawa: T 17 ne, V 19, AA 22.

Yanzu mu dawo kan CL. Bayan DDR na farko an samu DDR2 a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, sai DDR5 da aka kammala ƙa'idarsa a 2020 ya shiga kasuwa ƙarshen 2021. Kowane zubi wutar da yake ci tana raguwa, daga bolt 2.5 zuwa 1.8, 1.5, 1.2, har 1.1. Kowane zubi kuma lambar aike tana kusan ninkawa. Amma kun tuna na ce tulun bai canza ba? Kafasiton Dennard yana da iyakar saurin da zai iya cika ko ya juye. Abin da injiniyoyi suka yi shi ne ƙara yawan abin da ake ɗebowa a shiga ɗaya: DDR yana ɗebo 2, DDR2 4, DDR3 da DDR4 8, DDR5 16. Wato an ƙara wa ɗan aike girman kwando, an faɗaɗa bakin ƙofa, amma nisan da zai yi zuwa cikin sito yana nan yadda yake.

CL kuma, kamar yadda na faɗa, da bugun agogo ake ƙirga shi. In agogo ya ƙara sauri, kowane bugu ya gajarce, sai a buƙaci bugu da yawa kafin a cinye lokaci iri ɗaya. Babba da yaro in za su je masallacin unguwa tare, babban ya yi taku 20, yaron ya yi 40, amma tare suka isa. Ba ka cewa yaron ya fi nisa.

Ga lissafin da zai raba gardama. Ka ninka CL sau 2000, ka raba da lambar aike, abin da ya fito shi ne jiran a nanosakan. DDR-400 mai CL3 yana ba da 15. DDR2-800 mai CL5 yana ba da 12.5. DDR3-1600 mai CL11 yana ba da 13.75. DDR4-3200 mai CL22 shi ma 13.75, daidai wa daida. DDR5-4800 mai CL40 yana ba da kusan 16.7. A ɓangaren masu tsada kuwa, DDR-400 mai CL2 nanosakan 10 ne, DDR4-3200 mai CL16 nanosakan 10 ne, DDR5-6000 mai CL30 shi ma nanosakan 10 ne. Shekara sama da 20 ana abu ɗaya, jiran farko yana yawo tsakanin 10 da 17. Abin da ya ƙaru shi ne yawan kaya: daga megabayit 3200 a daƙiƙa zuwa 48000, ninki 15. Saboda haka maganar "ƙaramar lamba ta fi" gaskiya ce in RAM biyun saurin aikensu ɗaya ne. In ba haka ba, sai an yi lissafi.

Sauran lambobin da ake jerawa, irin su 16-18-18-38, duk labarin yaron Kantin Kwari ne. Ta farko CL, jiran miƙo kaya bayan an faɗi shago. Ta biyu tRCD, jiran da ake yi bayan an buɗe layi kafin a iya faɗin shago. Ta uku tRP, lokacin rufe wannan layin kafin a buɗe wani. Ta huɗu tRAS, mafi ƙarancin lokacin da layi zai zauna a buɗe don tulunan da aka taɓa su sake cika. Duk da bugun agogo ake ƙirga su.

Akwai kuma yanayin da ko ka ninka sau biyu lissafin ba zai fita ba. Ka sayi 3200, CPU-Z ya nuna 1066 ko 1200, wato 2133 ko 2400. Nan ma da tarihi. A jikin kowane RAM akwai 'yar ƙaramar ƙwaya da ake kira SPD, ita ke gaya wa kwamfuta saurin da za ta yi amfani da shi. Abin da kwamfuta ke ɗauka da kanta shi ne na ƙa'idar JEDEC, wanda aka tabbatar zai yi aiki a ko'ina. Kamfanonin da ke sayar wa 'yan gem kuma suna zaɓo ƙwayoyi masu kyau su tura su sama da ƙa'ida. A 2007 Intel ya fito da XMP don a rubuta wannan ƙarin saurin a cikin SPD, AMD kuma ya kawo nasa, EXPO, a 2022. Ba ya kunna kansa, sai ka shiga BIOS ka kunna. In ka kunna, ka gwada da manhaja irin MemTest86, don ƙarin gudu ne a kan ƙa'ida, ba kowane allo ke ɗauka ba.

Sai dai a lura, kwamfutocin ofis irin na HP da Dell da Lenovo da suka cika kasuwanninmu, mafi yawansu ba su da wurin kunna XMP kwata-kwata. Furosesa ma yana da iyakarsa: Core i5-6500 a hukumance 2133 yake tsayawa, i5-8500 kuma 2666. Ka sa wa irin wannan injin RAM mai fitilu na 3600, ka biya kuɗin gudun da ba za ka taɓa gani ba. Haka in ka haɗa RAM biyu masu sauri daban, dukkansu na ƙasan za su bi. In kuwa algus na gaske kake tsoro, kada ka tsaya a shafin Memory na CPU-Z, ka buɗe shafin SPD. A nan za ka ga sunan kamfani, lambar samfur, girma da duk saurin da aka rubuta a ciki. In takardar da aka manna ta ce abu kaza, SPD ya ce wani abu daban, to a nan ne kake da hujjar komawa shago.

Saura dalilin tsadar, shi ma tarihi ne. Intel da ya buɗe kasuwar a 1970 ya fice daga cikinta a 1985, bayan kamfanonin Japan sun danne shi da araha da inganci. Daga baya Koriya ta Kudu ta karɓe ragama. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Amurka ta kama manyan kamfanonin da haɗa baki wajen tsayar da farashi: an ci tarar Infineon dala miliyan 160, Hynix miliyan 185, Samsung miliyan 300, Elpida miliyan 84. Qimonda na Jamus ya karye a 2009. Elpida na Japan ya karye a 2012, Micron ya saye shi a 2013. Yau kamfani uku, Samsung da SK Hynix da Micron, su ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwar duniya. Da guguwar ƙirƙirarriyar basira ta taso, manyan cibiyoyin ajiyar bayanai suka shiga wawar wani irin RAM mai tsada da ake kira HBM, sai ukun nan suka karkatar da masana'antunsu can inda riba take. A Disamban 2025 Micron ya sanar zai daina sayar da kayansa na Crucial ga ɗaiɗaikun mutane. Mai shagon unguwarku ba shi ya ɗora farashin nan ba, shi ma a ƙarshen layi yake kamar ku, ga kuma canjin dala a kansa.

Tunda kuɗin ba yawa, shawarata ita ce a bi abin da tarihin ya koyar. A fara da girma: tashi daga giga 8 zuwa 16 za ka ji shi a jikinka, tashi daga 2666 zuwa 3200 a aikin ofis ko karatu da wuya ka lura. Bayan girma, a nemi biyu iri ɗaya maimakon ɗaya babba, giga 8 biyu sun fi giga 16 guda, don hanya biyu ake buɗewa, musamman ga injin da ba shi da katin hoto na daban. Sauri da CL su zo a ƙarshe, bayan ka duba iyakar furosesa da allonka. Kuma kafin ka ɗaga murya a shagon bawan Allah, ka ninka lambar sau biyu tukuna.

Allah Ya sa wa dukiyarmu albarka, Ya tsare mu da cutar wani, Ya tsare wani da cutar mu.